Baƙon da ya zo neman babur ɗinsa

  Yau hirarmu ta silima ce.

Ka san Van Damme. In ba ka san shi ba, tambayi ɗanka ko ƙanenka. Shi ne Baturen nan mai tsalle yana shuri, wanda ke buɗe ƙafafunsa har ya zauna daɓas a ƙasa. Tun zamanin kaset, lokacin da yara ke tara ƴan daloli don su shiga rumfar bidiyo, har zuwa yau da ake kallo cikin salula, samari ba su daina sonsa ba.

Akwai wani fim nasa da bai yi suna ba. Ko a Amurka, inda aka yi shi, bai zaga gidajen silima ba, a kaset aka sayar da shi. Ya fito a shekarar 1999. Sunansa biyu: a wasu ƙasashe Inferno, wato wuta mai ƙuna, a wasu kuma Desert Heat, wato zafin hamada. Fim ne na faɗa da ban dariya. Tsawonsa awa ɗaya da rabi da ƴan mintoci.

Me ya sa za mu ɓata takarda a kan fim ɗin da aka manta? Don labarinsa labarin ƙaramin gari ne da miyagu suka danne, har wani baƙo mai bindiga ya zo. Wannan labari yana da daɗin kallo. Amma akwai tambaya a cikinsa, kuma tambayar ta shafe ka.

Su wa suka yi shi?

Jean-Claude Van Damme mutumin Beljiyam ne. An haife shi a shekarar 1960. Wanda ya shirya fim ɗin kuwa sunansa John Avildsen, kuma ba ƙaramin gwani ba ne. Shi ya shirya Rocky a 1976, labarin wani talaka ɗan dambe, har ya sami kyautar Oscar, wadda ita ce babbar kyautar silima ta Amurka. Shi ne kuma ya shirya The Karate Kid a 1984.

Inferno shi ne fim na ƙarshe da Avildsen ya shirya kafin rasuwarsa a 2017, kuma bai ji daɗinsa ba. Bayan ya gama aikinsa an sake yanke fim ɗin, an sake jera shi yadda bai so ba. Shi ya sa a wasu kaset ba za ka ga sunansa ba, sai wani sunan aro, Danny Mulroon. Ka riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ga labarin

Van Damme ya fito a matsayin Eddie Lomax, tsohon soja. Ya kashe mutane da yawa a bakin aiki, kuma abin ya hana shi barci. Ya gaji da duniya. Ya hau babur ya shiga hamada don ya kai wa tsohon abokinsa Johnny kyautar babur ɗin, ya yi masa sallama, sannan ya kashe kansa.

A tsakiyar wani busasshen tabki babur ya lalace. Eddie ya zauna yana shan giya, yana harbin iska. Sai ga wasu samari uku cikin mota, ƴaƴan wani mugun attajiri mai suna Hogan. Suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka ɗauke babur, suka bar shi suna zaton ya mutu.

Johnny ya tsince shi, ya yi jinyarsa. Da Eddie ya warke, sai ya ce zai shiga gari ya karɓo babur ɗinsa.

Garin ɗan ƙarami ne. Gidan abinci ɗaya, kanti, masauki, mashaya, sai ƙura. Ƙungiya biyu ke riƙe da shi: gidan Hogan, da wata ƙungiyar masu babura. Abokan ciniki ne cikin harkar miyagun ƙwayoyi. Mutanen gari tsofaffi ne da mata. Kowa ya sunkuyar da kai. Ba ka ganin hukuma tana wani aiki.

Eddie mutum ɗaya ne, ba zai iya da su duka ba. Sai ya yi dabara. Ya taɓa wannan gefe, ya sa a zaci wancan gefe ne. Ya haɗa su faɗa, suka yi ta kashe juna, shi kuma yana ƙarasa sauran. Kafin a gama abokinsa Johnny ya rasa ransa. Eddie kuwa ya sami babur ɗinsa, ya sami mace mai sonsa, Rhonda, wadda ke aiki a gidan abinci, ya fasa kashe kansa.

Tsohon labari ne

Wannan labari ba Inferno ne ya fara shi ba. Daga wani fim na Japan aka ɗauko shi. A shekarar 1961 wani gwanin silima mai suna Akira Kurosawa ya yi fim mai suna Yojimbo. Ma'anar kalmar ita ce mai tsaron lafiyar wani don a biya shi. Jarumin, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, sojan haya ne mai takobi, ba shi da ubangida, ba shi da ko sisi. Ya shiga wani gari a wajen shekarar 1860. Abin da ya fara gani shi ne kare yana tafe da hannun mutum a baki. Ƙungiya biyu ta ƴan caca ke faɗa a kan garin. Kowace tana son ta yi hayar takobinsa. Ya karɓi kuɗin wannan, ya saurari tayin waccan, har suka cinye juna.

A 1964 wani mutumin Italiya, Sergio Leone, ya ɗauki labarin bai nemi izini ba. Ya mai da takobi bindiga, ya sa Clint Eastwood ya zama kaboyi, ya kira fim ɗin A Fistful of Dollars. Mutanen Japan suka kai ƙara, aka ba su kasonsu cikin kuɗin da fim ɗin ya kawo. A 1996 an sake yin labarin a Amurka da Bruce Willis. Inferno kuma ya biyo baya. Masu shi ba su ɓoye ba: kusa da ƙarshe za ka ji wani yana gayyatar wata su je kallon Yojimbo.

To, ka ga labari ɗaya ya sha riguna huɗu. Ba laifi ba ne. Ko gatanar Gizo kowace kaka da irin bakinta. Abin dubawa shi ne: wa ya faɗe ta da kyau, wa ya zubar da wani abu a hanya?

Abin da ya yi kyau

In ka kalli Inferno, kada ka tsaya ga Van Damme kaɗai. Shurinsa kaɗan ne a nan, bindiga ta fi yawa. Daɗin fim ɗin yana wurin tsofaffin garin.

Akwai tsoho mai kanti, Eli, mai ciwon numfashi. Wasu samari biyu na danginsa sun ƙwace masa kanti, sun ajiye shi a ɗakin baya. Da Eddie ya kashe su, tsohon bai yi kuka ba. Murna ya yi, ya buɗe masa kayan kanti. Za ka yi dariya. Daga baya kuma za ka tuna cewa danginsa ne, ba baƙi ba, suka yi masa haka.

Wanda ya fi kowa shi ne Jubal. Pat Morita ne ya fito a matsayinsa, wato tsohon nan mai koyar da faɗa a The Karate Kid. A nan ba ya faɗa. Ɗan aikin ƙwadago ne, mai ladabi, mai tsabta, mai magana a hankali. Eddie ya ɗauke shi aikin kwashe gawa. Duk wanda aka kashe, Jubal zai zo da motarsa, ya naɗe gawar cikin leda tsaf, kamar mai ɗaure kayan kasuwa, ya kai ta wani kwazazzabo ya jefa. Fuskarsa ba ta sakewa. Ladabin nan nasa a kan mugun aiki shi ne abin dariyar.

Wannan mutum yana cikin tsofaffin finafinan ma. A Yojimbo akwai mai ƙera akwatin gawa. Duk garin ya mutu, kasuwa ta watse, shi kaɗai ake jin ƙarar gudumarsa. A fim ɗin kaboyi ma akwai tsoho mai akwatin gawa. Ka lura da abin da ake nuna maka. Garin da miyagu suka riƙe, sana'a ɗaya ce ke ci gaba a cikinsa, ita ce sana'ar gawa. Inferno ya riƙe wannan, kuma ya yi shi da kyau.

Wurin ma an zaɓe shi da kyau. Fili fetal, ƙasa ta tsattsage, rana tana dukan kai. Kai da ka san watan bazara, ba sai an gaya maka zafin da ke wurin ba.

Inda ya kasa

Na farko, ɗinkin bai haɗu ba. Ka tuna mun ce an sake yanke fim ɗin bayan mai shi ya gama. Ana ganin alamar haka. Yanzu mutum yana kuka yana son ya mutu, jim kaɗan ana wasa da gawa, jim kaɗan kuma ana nuna wata da dilan daji kamar mafarki. Har Johnny ma, wani lokaci kamar mutum, wani lokaci kamar fatalwa. Kamar riga ce da tela biyu suka ɗinka, kowa da awonsa.

Na biyu, maganin da aka ba Eddie maganin ƙarya ne. Me ya hana shi barci tun farko? Mutanen da ya kashe. Me ya warkar da shi a ƙarshe? Ya ƙara kashe wasu. Ka taɓa ganin wanda kunama ta harba aka ƙara masa wata don ya warke? Wanda zuciyarsa ta ƙuntata har yana tunanin kashe kansa, abin da yake bukata shi ne ƴan'uwa su zauna da shi, su saurare shi, a kai shi wurin likita. Fim ɗin ya ɗauko babbar magana, ya rasa inda zai ajiye ta.

Na uku, mata. Rhonda tana da hankali da ƙarfin zuciya, ba a ce komai ba. Amma akwai wasu mata biyu da Eddie ya fitar daga hannun masu babura, aka mai da su kamar ladan aikinsa. An nuna tsiraici a wurin, kuma bai ƙara wa labarin komai ba.

Na huɗu shi ne babba. A nan ne za ka ga bambancin gwani da mai kwaikwayo.

A farkon Yojimbo, kafin jarumi ya shiga gari, ya tsaya shan ruwa a gidan wani manomi. Ya tarar ɗan manomin yana gardama da ubansa. Yaron ya gaji da noma da shan kunu. Ya fi son ya ci daɗi, ya sa tufafi masu kyau, ko da zai mutu da wuri. Ya gudu ya shiga ƴan caca. A ƙarshen fim, bayan jarumi ya sare miyagu, sai ga wani yaro ya rage, jikinsa na rawa, yana kiran uwarsa. Ɗan manomin nan ne. Jarumin bai sare shi ba. Ya kore shi gida wurin uwarsa, ya koma ga kununsa.

Ka ga abin da Kurosawa ya yi? Ya tuna maka cewa kowane ɗan ta'adda ɗan wani ne. Daga wani gida ya fito, kuma da abin da ya fitar da shi. A Inferno masu babura ba su da uwa, ba su da gona, ba su da tarihi. An yi su ne kawai don a harbe su, Jubal ya naɗe. Shi ya sa kake dariya ba ka jin komai.

Kurosawa bai ɓoye hasara ba kuma. Attajirai biyu ne ke bayan ƙungiyoyin nan, ɗaya mai cinikin siliki, ɗaya mai giya. An ƙone rumbun na farko, an fasa randunan na biyu. Ɗan dokan garin matsoraci ne, aikinsa sanar da lokaci da yi wa miyagu fadanci. Da babban jami'i ya zo bincike, aka toshe masa baki da toshiya. Har mai akwatin gawa ya koma yana ƙorafi, don in faɗa ya yi yawa ba mai sayen akwati, yar da gawa ake yi. Da jarumin zai tafi, gari ya yi tsit. Amma ya yi tsit ne don kusan ba wanda ya rage. Kana dariya, dariyar tana maka ɗaci.

A Inferno ba haka ba ne. An kashe, an share, an yi murna. Ba wanda ya zo ramuwa. Ba uwar da ta zo neman ɗanta. Ba alƙalin da ya tambayi inda gawawwaki suka shiga. Kuma ka tuna, Eddie bai zo don ya ceci kowa ba. Babur ɗinsa ya zo nema. Da ba a taɓa babur ɗin ba, da mutanen garin suna nan yadda suke.

Abin da ya shafe ka

Wataƙila ka ce: ai wasa ne, me ya kawo dogon tunani? Gaskiya ne, wasa ne. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Amma abin da ido ya saba gani, zuciya tana ɗauka.

Wani ɗan ƙasarmu ya gane haka tun da daɗewa. Shi ne Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. A shekarar 1966 ya yi wani fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa. Suka sa manyan huluna, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawakai, suka tayar da hankalin garinsu. Fim ɗin na ban dariya ne shi ma. Amma ya nuna abin da ke faruwa in samari suka ɗauki jarumin silima suka shigo da shi cikin gari na gaske: dattawa da talakawa ne ke shan wahala.

Yau maganar ta wuce wasa. Ku da ke kudancin Maraɗi kun san ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa. A 2019 dubban mutane sun gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, sun sami mafaka a jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. Wanda aka kore wa garke, ko aka ɗauke wa mata, in ya kalli fim irin wannan, dole ransa ya ce: ina ma a sami namiji ɗaya irin Eddie. Ba mu ga laifinsa ba. Amma a Zamfara an ga yadda ramuwa ke haifar da ramuwa tsakanin ƴan sa-kai da ƴan bindiga, har wanda bai ji ba bai gani ba ya shiga ciki. A duniya ta gaske, gawa ba ta ɓacewa cikin leda. Tana da dangi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Rana na fitowa ya tafi. Wanda ya zo don kuɗi, in wani ya fi ka biya, ya koma wurinsa. Wanda ya zo don babur ɗinsa, in ya samu, ya hau ya wuce. Kai ne za ka kwana a garin.

Sun kuma ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan ita ce gaskiyar da ke ɓoye cikin finafinan nan duka, ko da Inferno bai tsaya a kanta ba. Miyagu ba su riƙe gari su kaɗai. Akwai mai sayen kayan sata. Akwai mai kai labari. Akwai mai karɓar toshiya. Akwai ɗan'uwan da ya ƙwace kantin tsoho, maƙwabta suna gani suka yi shiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙo mai bindiga yana iya kashe ƙadangare. Liƙe bango kuwa aikin masu gida ne.

To, a kalla ko kada a kalla?

In kai babba ne, kana son ka huta bayan aikin gona, kana iya kallonsa. Za ka yi dariya da Jubal da tsoho mai kanti. Ba shi ne mafi kyau cikin finafinan Van Damme ba, ba shi ne kuma mafi muni ba. Amma ba na yara ba ne. Akwai giya, akwai tsiraici, akwai kisa da yawa, akwai maganar kashe kai tun daga farko. Kada ka bar wa yaro salula da shi a ciki.

In kuwa ka sami Yojimbo, shi muka fi ba ka shawara. Tsoho ne, baƙi da fari ne, da harshen Japan ake magana. Amma ko ba ka ji abin da ake faɗi ba, za ka gane yawancin labarin da idonka. Kurosawa ya iya ba da labari da hoto.

In kun kalla tare da abokai, kada ku tashi nan da nan. Ku zauna ku tattauna. Ga tambayoyi uku. Wa ya ci riba da faɗan da aka yi a garin? Me mutanen garin suke yi kafin baƙo ya zo? Bayan ya tafi, in wasu miyagu suka sake zuwa, wa zai tare su?

Wanda ya sami amsa, ya ɗauki alƙalami ya rubuto mana da hannunsa. Muna jira. Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Sai mun sake saduwa.